Ranar da Na Fi Amarya Kuka

Shekaru sun ja, abubuwa da dama sun zube mini daga ka, har sunayen jikokina sai na jero na wasu kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na ɗauko amaryar abokina Sule daga Makarfi zuwa Ikara, na isa ƙofar gidan biki ina sharɓar kukan da ko amaryar ba ta yi irinsa ba.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina saurayi, na sha wahalar zama karen mota a bayan wata babbar mota mai bodin katako, sai Allah ya ɗaga ni, wani Alhaji mai sayen gyaɗa da auduga a Ikara ya ɗauke ni direban ƙaramar motarsa. Baƙa ce, ta hannu, wani Bature da zai koma ƙasarsu ya sayar masa. A zamanin ƙananan motocin da ke garin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, don haka tun ranar da aka damƙa mini makulli na sake salon tafiya. Ko masallaci za ni, makullin na rataye a yatsana ina kaɗawa. In kuwa aka tambaye ni wani abu da ya shafi mota, ko ban taɓa jin labarinsa ba, bakina ba ya iya furta "ban sani ba". (Ku riƙe wannan halin, shi ne ya kai ni inda za mu je.)

A lokacin ina neman wata yarinya a Makarfi mai suna Ladidi. Mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Gwaggo Asabe, ta dawo da ita gidan wanta suna zaune. A wannan gidan ne kuma Hajo take, 'yar maigidan, wadda Sule zai aura. Rakiyar Sule zance ce ma ta fara kai ni. Ladidi ta fito ta shimfiɗa mana tabarma, daga ranar na gano ni ma ina da abin yi a Makarfi. Kafin a jima na fi Sule zarya a gidan, don shi keke gare shi, ni kuwa duk aiken da Alhaji ya yi mini, ko ta ina ne, sai hanyar ta ratsa ta Makarfi.

Ladidi ta amince, kawunta bai ƙi ba. Gwaggo Asabe ce ta ƙi cewa e, ta kuma ƙi cewa a'a. Abin da ya dawo kunnena shi ne ta ce direba ba shi da gari, kuma wannan ɗin bakinsa ya fi aikinsa. Maganarta kuwa ko wan nata ba ya tsallakewa. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina son yarinyar nan son da ban taɓa yi wa kowa ba. Saboda haka da bikin Sule ya matso, sai na ga dama ta samu. Na bugi ƙirji a gaban abokai na ce amaryar Sule ba za ta hau doki ba, a mota za a kawo ta. Na roƙi Alhaji, ya yarda. A lissafina, Gwaggo za ta rako amarya, za ta zauna a bayana tun daga Makarfi har Ikara, ta ga tuƙi, ta ga natsuwa, ta koma gida ta ce a ba yaron nan.

Ana gab da biki muka je Kudan da Alhaji. Damina ta ja baya amma rafuka ba su ƙafe ba. A hanyar dawowa na faɗa wani rafi da gudu, inji ya ɗau zafi, ruwan sanyi ya watsu a jikinsa. Muna hayewa motar ta sake murya, ta koma fat-fat-fat kamar injin niƙa.

"Direba, wannan ƙara fa?" in ji Alhaji.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Ruwa ta sha, za ta washe."

Ba ta washe ba. Da na sauke shi na zagaya bayan gida na ɗaga bonet. Akwai wani ƙarfe mai rassa manne a jikin inji, shi yake tattara hayaƙi ya miƙa wa salansa, makanikai na ce masa manifol. Shi ne ya tsage, tsaga mai tsawon ɗan yatsa, hayaƙi na fita ta nan yana baƙanta duk abin da ke kusa. Na san abin da ya kamata: in gaya wa Alhaji, a kwance ƙarfen a kai Zariya wajen mai walda. Amma in aka yi haka babu mota ranar biki. In kuma na tafi da ita a haka, Gwaggo za ta yi tafiyar nan duka tana jin ƙarar injin niƙa, ta ce ai ga shi, ko motar da aka ba shi amana ya kasa riƙewa.

Sai na zauna na yi tunani, irin tunanin da ya fi kyau a ce barci na yi a madadinsa. A zamanin da nake karen mota na sha ganin maigidana na farko yana zuba garin barkono a lagireto in yana yoyo, kuma yoyon ya tsaya. Na kuma ga yadda ake kwaɓa sabulu da sukari a liƙe tankin mai in ya huje. To ashe barkono na toshe kafa, sukari kuma na kama ƙarfe. Me zai hana in haɗa su biyun? Mazarƙwaila ma ta fi sukari danƙo, ga ta kuwa a Makarfi kamar ƙasa. Barkono kuma ai a Ikara ba a tambayarsa, kowane rufin ɗaki an shanya. Ban ɗauki mai laushi ba, tsidugu na zaɓa, ƙananan nan masu masifar yaji, don a ganina wanda ya fi yaji shi zai fi toshewa. (Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa lagireto ruwa ne a cikinsa, manifol kuwa wuta ce.)

Ana gobe ɗaukar amarya na riga kowa tafiya Makarfi ni kaɗai. Ban shiga gari ba, na ajiye motar a bayan gari wajen masu dafa rake. Na sayi mazarƙwaila sabuwar saukewa tana da ɗumi, na zuba mata garin tsidugu da hannu sake, na ƙara jar ƙasar gidan gara don ta yi jiki. Na cuɗa, na murza, na liƙe tsagar nan, na ƙara wani a kai, na shafe shi sumul kamar mai yaɓen rumbu. Da na gama na goge hannuwana da wani tsumma, na cusa shi ƙarƙashin kujerata. Na bar bonet a buɗe rana ta yi aikinta, zuwa azahar ɗin washegari liƙin ya bushe ƙam. Na tayar da mota, shiru, sai ɗan gurnanin nan mai daɗi. Wallahi a lokacin ji na yi da Baturen nan bai tafi ba, da na neme shi na ƙara masa ilmi.

Bayan la'asar na faka a ƙofar gidan su Hajo. Mata na ta guɗa, aka fito da amarya a lulluɓe, aka sa ta a tsakiyar kujerar baya. Gwaggo Asabe ta zauna a damanta. A hagu kuma Inna Kande, ƙanwar mahaifiyar Sule, wadda ta jagoranci matan Ikara masu ɗaukar amarya. Sauran mata, har da Ladidi, suka hau babbar motar da ta ɗauko kayan ɗaki, za su biyo mu a baya.

Sai in yi wa 'yan zamani bayani a nan. Tunda ina neman 'yarta, tsakanina da Gwaggo akwai kunya. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye, ni ma ba na haɗa ido da ita balle in tanka mata. Ga shi kuma tsofaffin nan biyu babu wadda ta taɓa shiga ƙaramar mota, amma kowacce ta hakimce kamar a ciki aka yanke mata cibiya, don kada ɗayan ɓangaren ya ga ƙauyancinta.

Kafin in sa giya Gwaggo ta dubi Inna Kande ta ce, "A ce wa mai motar ya rufe gilasan nan duka. Ba na son kowa ya leƙa mini yarinya."

Tsakanina da ita bai wuce ta miƙa hannu ta taɓa ƙeyata ba. Amma Inna Kande ta juyo ta ce, "Ɗan nan, an ce ka rufe gilasai."

"To, Inna," na ce, na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗage.

Muka kama hanya. Ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, kowane rami sai na kauce masa cikin ladabi. Mun bar gonakin rake a baya kenan sai wani ƙamshi ya fara tashi a motar, mai zaƙi-zaƙi, irin na sukarin da ake haɗa turaren wuta da shi.

"Kai, ɗan nan," in ji Inna Kande, "har da turare ka sa mana?"

Na san ban sa turare ba. Na kuma san abu ɗaya ne mai zaƙi a duk jikin motar nan. A nan ya kamata cikina ya ɗuri ruwa. Maimakon haka sai kaina ya kumbura, na ji bakina yana cewa, "Ai haka motocin Turawa suke, Inna. In suka ɗau zafi da kansu suke ba da turare."

"A ce masa mun sani," in ji Gwaggo.

Ba a jima ba mazarƙwailar ta gama ƙonewa, wuta ta isa ga tsidugu. Ta ramukan da ke wajen birki da totur hayaƙin yake shigowa, don haka ni ne na fara karɓar rabona. Ya soma da ƙaiƙayi a maƙogwaro, ya hau hanci, ya isa ido. Na danne atishawa har kunnuwana suka toshe. Can na ji amarya ta fara shessheƙa a ƙarƙashin mayafi, shessheƙar ta zama kuka sosai, haɗe da tari.

"Yawwa, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Yi haƙuri. Kowace mace haka ta bar gidansu."

Na lura muryarta kamar ta mai jin daɗi, amma ban sami sukunin yin tunani a kai ba, don ni ma hanya ta fara rabuwa biyu a idona.

Duk macen da ta taɓa tsayawa a murhu ta san hayaƙin barkono ko a mafarki. Amma na riga na ce turaren Turawa ne, Gwaggo kuma ta riga ta ce ta sani. Sai ga Inna Kande, murya a shaƙe, tana lalube: "Turaren nan dai... yana da ɗan ƙarfi."

"Mai kyau haka yake," in ji Gwaggo. "Wanda bai saba ba shi yake damuwa." Ta rufe maganar da tarin da sai da motar ta amsa.

"Wa ya ce ya dame ni? Ni daɗinsa ma nake ji," in ji Inna Kande, tana jan hanci.

Na saci hannu na ɗan sauke gilashin gefena. Ashe iskar da ke wucewa janyo hayaƙin take daga ƙasa, sai ya turnuƙo fiye da da. Ban gama gane haka ba na ji an ce daga baya, "A tuna wa mai motar abin da na ce game da gilashi." Inna Kande ba ta ma iya isar da saƙon ba saboda atishawa, na mayar da gilashin da kaina.

Za ku ce me ya hana ni tsayawa. Babbar motar nan na biye da mu, cike da matan gari biyu, ga Ladidi a ciki. In na tsaya su ma za su tsaya, kuma dole in buɗe bonet a gabansu. Sai na ga dabara ita ce in taka totur mu isa da wuri. Inji ya ƙara zafi, tsidugu ya ƙara himma. Mu huɗu a mota, kowa na zubar da hawaye. Ban taɓa jin hanyar Ikara ta yi mini nisa kamar ranar ba, ina tafe ina roƙon Allah ya fitar da ni, ina alkawarin azumi iri-iri.

Muna hango rufin gidajen Ikara sai na ji wani abu ya ɓalle a gaba. Liƙin ne ya gaji ya faɗi. Ƙarar injin niƙa ta dawo, amma hayaƙin yajin ya ragu. Ban taɓa murna da ƙarar nan ba sai ranar. Na ce alhamdu lillahi, saura in gyara fuskata kafin mu shiga mutane, kada a ga direba jage-jage da hawaye. Na miƙa hannu ƙarƙashin kujera, na jawo tsumma, na goge idon dama da kyau, na goge na hagu, na haɗa da hanci.

Eh, tsumman nan ne.

Yadda na kai motar ƙofar gidan su Sule ban taka kowa ba, wannan ikon Allah ne kawai. Na dai ji kiɗa ya matso, na taka birki, na lalubi ƙofa na faɗo waje. Gari guda ya taru don ganin amaryar da aka kawo a mota. Alhaji na zaune cikin dattawa a kan darduma. Shi kansa Sule, da bai kamata a ga ƙeyarsa a wurin ba, son ganin abin ya sa ya laɓe cikin abokai a gindin ceɗiya. Aka fito da amarya tana kuka, mata suka ce Allah sarki. Tsofaffin biyu suka fito ido jajur, aka ce kai, ga masu tausayi, har da Inna Kande da aka kawo wa ɗanta mata. Sai idanu suka dawo kaina. Ina tsaye na dafa mota, ido a rufe, hawaye na gudu har cikin wuyan riga, majina ta sauko, ƙirjina na sama da ƙasa. Duk lokacin da na buɗe baki in yi magana sai wata irin shessheƙa ta fito.

Akwai wata zabiya a wurin, bakinta ba ya raga wa kowa. Ta ɗaga hannu makaɗa suka tsaya, ta ce da ƙarfi, "Kukan amarya mun san shi. Na iyaye ma mun san shi. To jama'a, shi direba me aka ɗauke masa?"

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba ta koma gunaguni. Ba na gani, amma kunnuwana lafiyarsu lau.

"Ba shi ne kullum yana hanyar Makarfi ba?"

"Gidan su amaryar fa yake zuwa."

"Oho. Ashe rakiyar ba ta Allah ba ce."

Sai na ji muryar Sule dab da ni, a sanyaye, ba irin wadda na sani ba. "Mutumina, mene ne haka?"

Daidai nan babbar mota ta iso. Na yi ta maza na buɗe ido ɗaya da yatsa. Abin da na fara gani Ladidi ce, ta sauko da fanteka a ka, ta tsaya cak tana dubana, wata mata na raɗa mata magana a kunne. Na ga fuskarta ta canza. Sannan Gwaggo Asabe, wadda ta kai bakin zaure da amarya, ta tsaya ta juyo.

"A tambayi mai motar," ta ce, "wace ce a gidanmu yake yi wa wannan kukan."

A rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. In na yi shiru, na zama wanda ya ci amanar aboki, na rasa Sule, na rasa Ladidi har abada. In na yi magana, ga Alhaji, ga garin Ikara, ga matan Makarfi da za su kai labari gida. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Ikara tauri gare ta. Sai na lallaba ina dafa mota har gaba, na ɗaga bonet.

Ragowar liƙin na nan manne a jikin manifol, baƙi ƙirin kamar ƙanzon tukunya, yana ɗan hayaƙi. Waɗanda suka matso leƙe suka ja da baya suna atishawa. Zabiyar da ta fi kowa kutsa kai ita ta fi kowa shaƙa, kuma ba zan ɓoye muku ba, wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

"Barkono ne," na ce. "Da mazarƙwaila."

"Direba," in ji Alhaji daga inda yake zaune, "ɗaga murya, dattawa ba su ji ba."

Haka na tsaya, ido a rufe, na ba da labari tun daga rafin hanyar Kudan har zuwa tsumma, ban rage komai ba. Da na zo wajen turaren Turawa, wani dattijo ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Sule ya rungume ni yana dariya yana dukan bayana, kuma a cikin dukan nan na ji yadda hankalinsa ya kwanta. Shi ya tsayar da wata Bafulatana mai tallan nono, aka wanke mini ido da shi a gaban kowa, na tashi fuska fari fat.

"Ni wallahi tun muna fita Makarfi na san tsidugu ne," in ji Inna Kande. "Tun ina yarinya nake daka shi."

"To Inna, me ya hana ki magana?" Sule ya tambaye ta.

"In yi magana 'yan Makarfi su ce ban taɓa shiga mota ba?"

Na saci kallon Ladidi, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Gwaggo Asabe kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ja hannun amarya suka shige gida, kuma wannan shirun nata ya fi mini tsidugu zafi.

Alhaji bai kore ni ba, ya ce dariyar da ya yi ta ishe shi ladan aron mota. Washegari muka kwance manifol na kai shi Zariya a cikin buhu. Mai waldar ya juya shi, ya sunsuna, ya tambaye ni ko miya muka dafa a kai. Na ce labarin da tsawo. Ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya gasa ƙarfen a garwashi har ya yi zafi ko'ina, ya bi tsagar da tagulla, sannan ya binne shi cikin toka mai zafi ya ce sai ya huce da kansa, don ƙarfen zubi ba ya son a gaggauta masa. Da na dawo muka ɗaura, mota ta koma muryarta ta da. Ni ne dai ban koma yadda nake ba. Makulli ya koma aljihu, sunana a tasha ya koma Mai Turare, hanyar Makarfi kuwa ko aikena aka yi sai in zagaye. Na riga na sallama, na ce Ladidi ta fi ƙarfina.

Ana nan rannan ina wanke mota sai ga Sule a kan kekensa, yana murmushi tun daga nesa.

"Mai Turare, an ba ni saƙo daga Makarfi."

"Wa ya aiko?" na tambaye shi.

"Gwaggo. Ta ce a ce wa mai motar ya turo manyansa."

Na zauna a kan bokitin da ke hannuna, ruwa da komai. Sai da Sule ya rantse mini kafin na yarda ba tsokana ba ce.

Daga baya ne Ladidi ta warware mini zancen. Ashe ranar nan Hajo, saboda murnar auren Sule da ɗokin shiga mota, ta kasa zubar da hawaye ko ɗigo. An yi mata nasiha mai sa kuka, an tuna mata kakarta da ta rasu, Gwaggo har mintsininta ta yi, yarinya sai murmushi. Amaryar da ta shiga gidan miji ido a bushe kuwa, a wancan zamanin, abin gori ne ga danginta har jikoki, a ce ba ta da kunya, gidan ubanta ya ishe ta. Dalilin rufe gilasai ke nan. Sai ga Hajo ta sauka a Ikara tana kukan da aka daɗe ana ba da misali da shi, don kafin labarin barkono ya gama zagayawa, labarin tarbiyyar 'yan Makarfi ya riga shi nisa. Gwaggo ta ce wa wanta yaron nan wawa ne, amma wautarsa ta rufa mata asiri, kuma da ta tambaye shi a gaban mutane bai yi mata ƙarya ba. Sharaɗinta ɗaya ne: 'yarta a kan doki za a kai ta.

Haka kuwa aka yi. Ranar da aka kawo Ladidi ina ɓoye a ɗakin Sule kamar kowane ango, sai ga Inna Kande ta leƙo tana haki. Ta ce amarya ta iso bakin gari, amma duk sanda aka ce ta yi kuka sai ta tuna fuskata da nono ta fashe da dariya a cikin mayafi.

"Shi ne Gwaggonku ta ce a tambayi mai motar, ko da sauran turaren nan."

Na yi shekaru masu yawa ina tuƙi bayan wannan, manifol ya sha tsagewa a hannuna, kuma kowane karo Zariya nake nufa ba tare da shawara da kaina ba. Abin da na koya bai da yawa: barkono na miya ne, in ya yi nisa ya tsaya a lagireto, kuma tun da nake ban taɓa ganin wanda "ban sani ba" ta sa shi kuka a gaban jama'a ba. Gwaggo ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, Allah ya jiƙanta. Amma ta bar wa 'yarta gado, don har yau in Ladidi za ta soya barkono, sai ta dubi jikan da ke kusa, ni kuwa ina zaune a gefenta, ta ce a ce wa mai motar ya buɗe taga.